Fuskar Imrana

Ranar Lahadi da hantsi aka shiga ɗakin duhu na Shadrak mai hoto, inda yake wanke fim, kuma kafin a kira azahar duk Tamaske ta san ɓarawon. Matsalar kawai, kowace unguwa da nata ɓarawon. 'Yan bakin kasuwa suka ce Ɗanmaraya ne, mai hoton Keita, wanda ya daɗe yana jin haushin Shadrak. Mata a rijiya suka ce aikin mutanen Malam Isufu ne, tunda malam ya sha faɗa a wa'azi cewa hoto ba abin ajiyewa a gida ba ne. Wasu kuma, masu dogon tunani, suka ce Shadrak ne ya ɓoye kayansa da kansa don ya shafa wa Musulmi kashin kaji, tunda shi Kirista ne, ɗan wajen asibitin mishan, ko da yake ya shekara goma sha huɗu a garin.

Abin da aka ɗauka bai fi tsawon ɗani ba. Yankin fim ne guda mai hoto shida. Ba a taɓa kyamara ba, ba a taɓa rediyo ba, an ma kulle ƙofa an mayar da ɗan makulli ƙarƙashin turmi, inda yake kwana.

Mai gari ya aika a kira Takawa.

Shekara talatin Takawa yana bin sawu. Ya taɓa bin jaki tun daga Tamaske har fadamar Tama, ya taɓa karɓo raƙumi a bayan Tabotaki bayan ruwa ya wanke rabin hanya. Amma a bazarar 1996 ɗin nan, wanda ya san shi da can zai ce gangar jikin ce kawai ke yawo. Shekara biyu ke nan da takarda ta zo daga Abijan cewa zazzaɓi ya kashe Imrana, ɗansa na fari, an kuma binne shi a can. Bai yi kuka ba, don ba a yi wa ɗan fari kuka a gaban mutane. Da mutane suka watse kuma ya nemi kukan, sai ya tarar babu. Tun daga lokacin abinci abinci ne, zafi zafi ne, in an gaishe shi ya amsa.

Akwai abin da bai gaya wa kowa ba. Fuskar Imrana ta fara ɓace masa. A wurin kakarsa yaron ya tashi, kamar kowane ɗan fari, kuma Takawa bai taɓa tsayawa ya dube shi ido cikin ido ba, bai taɓa kiran sunansa ba. Sawunsa ne ya sani. Ko yanzu zai iya zana shi a ƙasa: babban yatsan hagu ya ware daga 'yan uwansa, dunduniyar dama ta fi nutsewa. Fuskar kuwa kullum sai ta ƙara nisa.

* * *

Shadrak ya yi wayo, bai bar kowa ya wuce zaure ba. Yana tsaye a bakin ƙofa tare da matarsa Dorkas da wani baƙo mai farin tabarau, mutumin Yamai, da ake kira Mushe Hamidu, yadda ake kiran 'yan boko da Faransanci. Mushe Hamidu ya kwana tara yana tona tsofaffin fim na Shadrak, waɗanda ya ɗauka lokacin da mutanen gari ke jera duwatsu a kan tudu don tare ruwa. Ya zaɓi yanki arba'in. Za a kai su Yamai, daga can a sa su jirgi zuwa Faransa, inda akwai wani inji da ke karanta fim ƙwaya-ƙwaya, a buga a kan takarda mai kauri, hoto kamar faɗin ƙofa, a rataya a babban ɗaki mutane su kalla.

A cikin arba'in ɗin akwai Imrana da kwandon duwatsu a ka. Ba a taɓa wanke hoton ba, kuma babu wani hotonsa a duniya. Mako guda da ya wuce Shadrak ya tare Takawa a hanya ya ce in an buga, za a aiko masa da guda. Takawa ya ce, "To." Amma tun ranar yake ƙirga kwanaki.

"Mi anka ɗauka?" Takawa ya tambaya.

"Yanki guda ɗai, Baba," in ji Shadrak.

"Wane?"

Shadrak ya dubi ƙasa. "Wanda nig gaya maka."

Takawa ya saurari cikinsa ko zai ji wani abu ya motsa. Bai ji ba. Ya tuɓe takalmi ya shiga.

Ɗakin duhun ƙarami ne, yana warin magani, an zuba rairayi a ƙasansa. Mushe Hamidu ya biyo shi da safar hannu fara, ya ɗaga wani yankin fim da gefe da gefe ya nuna masa.

"Bon, ka gani, Baba? Ga baki aka riƙe shi. Ba a taɓa tsakiya, ko da yatsa guda. Injin can babu abin da ba ya gani. Ran Laraba da sahe motata za ta tashi, da shi ko babu shi."

Takawa bai dubi fim ɗin ba, ƙasa yake dubawa. Daga gindin kanta har bakin ƙofa, daga ƙofa har zaure, babu sawu ko ɗaya sai nasu na yanzu. An share wurin tas. Ya tsuguna ya daɗe. Mai sharar da baya-baya ya tafi, yana goge sawunsa. Zanen tsintsiyar daga hagu yake tasowa ya faɗi dama. A bakin kowace ƙofa an rufe sharar da lanƙwasa guda kamar jinjirin wata, kusa da ita kuma ga 'yan karyayyun tsinke, inda aka buga gindin tsintsiya a tafin hannu. Ita kanta tsintsiyar an jingine ta a bango, kai sama.

"Ke kinka yi shara?" ya tambayi Dorkas.

"A'a, Baba. Ran Lahadi ba ni shara sai mun dawo daga sujada."

"Bahago na," Takawa ya ce. "Kuma ba shi da gaggawa."

* * *

A bayan katanga akwai sawun babur, tayar baya da faci. Ba sai an yi nisa ba, duk garin an san tayar Ɗanmaraya. Takawa ya same shi ranar Litinin a rumfar mai shayi, ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya, yana ba mutane labarin yadda ake yi masa sharri.

"I, na zaka jiya," in ji Ɗanmaraya. "Ba ni ɓoyewa. Na zaka in roƙi ɗan Yamai shi dubi nawa hotuna, don ni ma ba makaho ba na. Nit tarad da gida kulle, nij juya."

"Ba ka ga kowa ba?"

"Awaki. Sai mata da tuluna, awa kullum." Ya kurɓi shayi. "Baba, ka san ni da baƙin ciki, ba ni musu. Da ni na, arba'in ɗin nika kwashewa in sa musu ashana. Mi za ni yi da guda?"

Takawa ya miƙa masa goro ta ɓangaren hagu. Ɗanmaraya ya juyo da dukan jikinsa ya karɓa da dama, ya ɓare da dama. Mutumin da ko ƙurar kyamararsa ba ya gogewa, ba shi ne zai share ɗakin wani ya jingine tsintsiya kai sama ba.

Malam Isufu kuwa yana zaune a ƙofar gida yana gyaran alƙalami. Tun kafin Takawa ya gama gaisuwa ya tare shi.

"Na san abin da ya kawo ka. Na ce hoto ba shi da kyau. Yaushe nic ce sata na da kyau?" Ya sa hannu a aljihu ya fito da katin shaidarsa, ga shi nan a jiki ya zare ido kamar an tsorata shi. "Shadrak yaɗ ɗauke ni, da za ni Makka. Ka gaya ma masu zancen."

"Cikin masu sauraren ka babu mai zahin kai?"

"Akwai, sun hi goma. Amma mai zahin kai ƙohwa shika ɓallewa, Takawa, ba shi neman makulli." Malam ya dube shi da kyau. "Kai kuma ka rame. An ce yaron naka na cikin abin."

"Haka anka ce."

Takawa ya yi sallama ya tashi.

* * *

Da la'asar ya koma gidan Shadrak. Dorkas na tsakar gida tana tsince shinkafa, kanta babu ɗankwali, da sabon kitso. Ya zauna a kan turmi.

"Ɗiyata, yanki arba'in na cikin jakar takarda guda. Wanda bai sani ba, ƙaƙa za shi gane wanga?"

"Mushe ya sa mishi jan zare, don shi yaf fi so."

"Wa yas san da jan zaren?"

"Mai gida. Da Mushe. Da ni."

"Da wa?"

Hannunta ya tsaya a cikin faifai. Ta ɗauki wata tsakuwa ta jefar, ta sake ɗaukar wata wadda ba tsakuwa ba ce, ita ma ta jefar.

"Babu."

"Wa yas san makulli na ƙarƙashin turmi?"

"Baba, don Allah ka bar zancen ga hakanan. Fim na, ba rai ba."

Wanda aka yi wa sata ba ya roƙon a bar zance. Takawa ya san wannan, kuma a da can da ya zauna a kan turmin nan har sai ta faɗi. Amma ya ji gajiya ta sauko masa tun daga wuya. Ya dubi kitson kanta, layi bakwai da suka haɗu a ƙeya, ya ji kamar ya san hannun, sai ya kawar da ido ya tashi.

A waje maganar ta riga ta juya. An ji Dorkas na ɓoye wani abu, don katangar gidan gajeriya ce kuma maƙwabta ba kurame ba ne. Masu cewa Kiristocin ne suka shirya abinsu suka samu abin riƙewa. Wani ya jefa dutse a rufin kwanon shagon. Mai gari ya ce gobe Talata bayan la'asar kowa ya hallara a zaurensa, in Takawa bai kawo ɓarawo ba, zai aika Keita a turo jandarma su kwashi duk wanda aka ambata.

* * *

Ranar Talata da safe Takawa na zaune a bakin ɗakinsa da ƙwaryar koko a gaba, bai sha ba. Yana lissafa bahagwai na gari. Akwai mahauci guda, akwai wani maƙeri, akwai gurgu mai ɗinkin takalmi. Babu wanda ya san jan zare a cikinsu.

Sa'a, matarsa, tana shara. Shekara talatin da ɗaya yana jin wannan ƙarar kowace safiya, kuma mutum ba ya kallon abin da yake ji kullum. Yau da yake idonsa ba shi da wurin zuwa, sai ya sauka a kan ƙasa. Zanen tsintsiyar daga hagu yake tasowa ya faɗi dama.

Da dama Sa'a ke ci, da dama take gaisawa, da dama take miƙa kaya. Tun tana ƙarama aka kashe mata hagu da muciya, har mutanen gari ba su san ta taɓa zama bahaguwa ba. Tsintsiya ce kawai babu wanda ya kula da hannun da ta riƙe ta. Ta ja baya, ta ja baya, har bakin zaure. Ta rufe da lanƙwasa guda. Ta buga gindin tsintsiyar a tafin hannu, ta jingine ta kai sama.

Takawa ya ajiye ludayi. Ya tuna kitson Dorkas, ya tuna ranar Juma'a Sa'a ta wuni a can.

"Ke," ya ce. "Zaka nan."

Ta zo ta durƙusa nesa kaɗan, kamar kullum.

"Ina abin mutane?"

Ba ta yi musu ba, ba ta ma yi mamaki ba. Ta juya gefe ta kwance bakin zane, ta fito da wani ƙyalle da aka naɗe, ya jiƙe da gumi. Ta ajiye a gabansa. Jan zaren ya leƙo.

"Dorkas tan nuna maki?"

"Ina mata kitso tat tashi taɗ ɗauko. Tac ce, Inna, ga naki. Nik kau da kai." Muryarta ba hawa ba sauka, kamar mai faɗin farashin gero. "Tac ce ƙasar Turawa za a kai. Malam, Abijan ma da yat tahi bai dawo ba."

"An ce za a aiko."

"Shi ma haka yac ce."

"Don mi ba ki roƙa ba?"

Ta ɗago ta dube shi, abin da ba ta cika yi ba. "In ce mi? In ce a ba ni wa?"

Shi ma Takawa da aka yi masa tayi, "To" kawai ya iya cewa. Ya warware ƙyallen, ya kama fim ɗin da gefe da gefe yadda ɗan Yamai ya nuna masa, ya ɗaga shi sama. A fim komai a juye yake, fari ya zama baƙi, baƙi ya zama fari. Ga tudu, ga mata a jere. A hoto na huɗu ga mutum tsaye da kwando a ka. Inda fuska take, wani dabbare ne kamar an ɗiga mai.

"Mi kinka yi mishi?"

"Na duba ga rana. Ga kwando, ga rigatai, ni naɗ ɗinke wuyan. Amma huskar hwara hwat, awa wanda yaf faɗa toka. Nic ce ƙurar dutsi ta." Ta dubi babban yatsanta na hagu. "Nis sa yawu nig goge mishi."

"Sau nawa?"

"Da sahe da marece. Ba ta hita ba."

Haka uwaye ke yi wa 'ya'yansu a bakin ƙofa kafin su fita wasa. Ta yi wa sauran 'ya'yanta biyar, Takawa ya sha gani. Wannan ne kaɗai ba ta taɓa yi wa ba. Ya zauna da fim ɗin a hannu, ya gane cewa fuskar da yake ƙirga kwanaki ya gani ta tafi, kuma ba ɓarawo ne ya tafi da ita ba. Ya jira haushi ya zo. Bai zo ba. Koko ya huce, kaza ta zo ta sa baki, babu wanda ya kore ta.

* * *

Bayan la'asar zauren mai gari ya cika har waje. Ɗanmaraya ya sa sabuwar riga, tunda dai za a kalle shi. Malam Isufu na gefen mai gari da carbi. Shadrak da Mushe Hamidu na kan benci, Dorkas na bakin ƙofa cikin mata, kanta a sunkuye.

Takawa ya tsaya a tsakiya da sandarsa.

"Ɗanmaraya ya zaka, amma bai sauka bisa babur ba. Sawun ƙahwatai guda na, inda yad dogara yaj juya. Ba shi na ba."

"Kun ji!" in ji Ɗanmaraya, da ɗan takaicin an gama da shi da wuri.

"Malam da mutanensa, babu sawunsu. Wanda yash shiga bai ƙi gidan ba. Ya share musu ɗaki, ya kulle musu ƙohwa, kada akuya ta shiga. Shadrak bai ɓoye kayanshi ba. Ɗiyar ga Dorkas kuwa ta san wani abu tar ruhe, kuma ba don kanta tar ruhe ba. Wanda yaj jehi kwanonsu shi je shi ba su haƙuri."

Ya sa hannu a aljihu ya fito da ƙyallen, ya ajiye a gaban mai gari.

"Ga abin. Gidana sawun yaƙ ƙare."

Zauren ya ɓarke da hayaniya. Wani daga baya ya ɗaga murya, "Wa a gidan naka?"

"Ni ad da gidan," in ji Takawa. "In jandarma za a kira, ga ni."

Mai tambayar ya buɗe baki zai ƙara, Malam Isufu ya juya ya dube shi, sai ya rufe. Matan bakin ƙofa sun riga sun gane, don wata tsohuwa ta ja mayafi ta rufe fuska. Shadrak ya miƙe ya ce shi bai kai ƙarar kowa ba, kayansa sun dawo, magana ta ƙare. Mai gari, wanda dama ba ya son ganin motar jandarma a ƙofarsa, ya ce Alhamdu lillahi tun kafin Shadrak ya zauna.

Mushe Hamidu ne kawai bai san me ake ciki ba. Ya sa safar hannunsa, ya fito da ɗan gilashin dubawa, ya matsa bakin ƙofa wurin haske. Ya daɗe, sannan ya yi tsaki mai tsawo.

"An kashe shi. Wa yat taɓa da ruwa? Wanga ba shi gyaruwa, ko a Faransa. Mahi kyau duk cikin arba'in!" Ya fara kwance jan zaren. "Sai a bar shi nan."

"A kai shi," in ji Takawa.

"Baba, babu huska."

"Na gani. A buga shi hakanan." Mutum ɗari na kallonsa, kuma abin da zai faɗa ba a faɗarsa a zaure. "Ɗana na. Ba ni da wani hotonshi."

Mushe Hamidu ya dubi Shadrak. Shadrak ya gyaɗa kai. Mushe Hamidu ya mayar da jan zaren ya ɗaure.

* * *

Damina ta zo ta wuce, aka yi girbi. Babu wanda ya ƙara kiran Takawa bin sawu na ɗan lokaci, sannan aka sace tumakin wani, aka manta aka kira shi. Sa'a ta daina zuwa gidan Dorkas har sai da Dorkas ta zo da kanta, ta zauna a gabanta ta kwance kai.

Wata Alhamis da hantsi Shadrak ya yi sallama, ɗauke da wani dogon bututun kwali da motar Tawa ta kawo. Ya ce a shimfiɗa tabarma mai tsabta. Ya wanke hannu, ya zaro takardar a hankali, ya danne kusurwoyinta da ƙwarya huɗu. Sannan ya ce yana da aiki a shago, ya fita, ko ruwa bai tsaya sha ba.

Takardar ta kusa cika tabarmar, mai kauri ce kamar fata. Ɗan Yamai bai yi ƙarya ba, injin babu abin da bai gani ba. Ana iya ƙirga saƙar kwandon. Ga ɗinkin wuyan rigar, zare baƙi a kan fari. Ga wata tururuwa a kan dutse, da inuwarta.

A kan wuyan kuwa, inda fuska za ta zauna, zanen yatsa ne, faɗinsa ya kai faifai. Layi a cikin layi suna zagaye, baƙi da fari, wani a kan wani, na safe da na marece. Takawa ya tsuguna yadda yake tsugunawa a bakin hanya. Babban yatsa ne na hagu. Ga tabon da wuƙa ta bari shekarar da aka yi fara, ya ratsa layukan a karkace.

Ya sauke ido ƙasa. Imrana ba shi da takalmi a ranar. Yana tsaye a kan jar ƙasa, nauyin duwatsu ya danne shi, dunduniyar dama ta nutse, babban yatsan hagu ya ware daga 'yan uwansa. A bayansa ma ga sawu uku da ya bari kafin ya tsaya.

Wani abu ya taso wa Takawa daga ƙirji, mai zafi, irin zafin ƙafar da ta daɗe a danne in jini ya fara komawa. Ya dafa tabarma da hannu biyu.

Sa'a na tsaye a bayansa da tsintsiya. Ba ta kau da kai ba. Ta duba, ta duba, sannan ta yi magana a hankali.

"Malam, ka gane shi?"

Takawa ya share ido da bakin rawani, ya sake share su, ba su daina ba.

"Na gane ku," ya ce. "Ku biyu."